Tabon da ke ƙarƙashin fenti



Lokacin da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a shekarar 2023, abin da ya bari a gidanmu na Maraɗi bai da yawa: littattafai, gona ɗaya, da wata tsohuwar mota Peugeot 404 da ke ajiye ƙarƙashin dogon yaro tun 2009. Ƙirar 1972 ce, daga cikin waɗanda aka ƙera a Sochaux ta ƙasar Faransa tsakanin 1960 da 1975. Malam ya saye ta a hannun wani ma'aikaci a 1983, kuma da ita yake zuwa ɗaurin aure da jana'iza a ƙauyuka. Wani mai sha'awar tsofaffin motoci daga Yamai ya gan ta, ya ce in an tayar da ita zai biya kuɗi mai kauri. Magada suka ɗora mini aikin, domin ni ne na fi kowa shige-shige a garaji.

Na ɗauka aikin bai wuce wanke kaburata da sake tayoyi da fesa fenti ba. Ranar da muka soma kankare tsohon fenti, mai gyaran jikin mota ya ɗauko maganaɗisu yana bin jikinta da shi. Ko'ina yana kamawa, sai da ya iso saman tayar gaba ta hagu, ya sulale ya faɗi ƙasa. Ya ce mini a nan akwai mastik mai kauri, wato ƙullun da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. Da muka ɗaga motar, sai ga ɗinkin walda a ƙashinta na gaba, tsatsa ta fara cin gefensa. Muka buɗe kan inji, muka tarar lambar da aka buga a jikinsa ba ta yi daidai da ta farantin da ke manne a jikin motar ba. Injin 404 na asali cc 1618 ne, wannan kuwa na 504 ne mai cc 1971. Agogon kilomita ma bai taimake mu ba, don lambobinsa biyar ne, in ya kai 99,999 sai ya koma sifiri, ba wanda zai ce sau nawa ya zagayo.

Na tambayi Inna, ta ce Malam ba ya kashe ko dala a kan motar nan bai rubuta ba. A cikin akwatin littattafansa na samo wani ƙaramin littafi da ajami, kwanakinsa duk na Hijira. Sauyin mai, birki, batir, kowanne da kuɗinsa da wanda ya yi aikin. A Sha'aban na 1414, wanda ya faɗo a farkon 1994, layi ɗaya tak ya rubuta: ƙashi da inji, Allah ya tsare. Daga nan babu kome sai bayan wata biyar.

Makaniken da sunansa ya fi yawa a littafin yana da rai, ya tsufa, ƴaƴansa ke riƙe da garajin. Na je na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa layin. Ya ce: "Ɗan Malam, ashe ka tono." Ya ba ni labari cewa da dare aka buge saniya a hanyar Tasawa. Tukunyar ruwan sanyaya inji ta fashe, mai tuƙin kuwa don tsoro bai tsaya ba, ya ci gaba da gudu babu ruwa har injin ya ƙone. Abin ya zo daidai da karya darajar kuɗin Sefa da aka yi a watan Janairu na 1994, inda faran ɗaya na Faransa ya tashi daga Sefa 50 zuwa 100, kayan gyara daga Turai suka ninka kuɗi. Shi ya sa ya nemo injin 504 na hannu daga Kano, inda suke da yawa saboda ana haɗa Peugeot a Kaduna tun 1975. Ya ƙara da cewa Malam ya nemi mai saniyar ya biya shi tun kafin a taɓa motar.

Na ce: "Baba, wa ke tuƙi a daren?" Ya dube ni ya ce: "Malam ya rubuta?" Na ce a'a. Ya ce: "To, ni ma ban gani ba." Na san Malam ba ya tuƙin dare, na kuma san a wannan shekara akwai samari da almajirai da dama a gidanmu. Shekaruna huɗu a lokacin. Da na so, tambaya biyu ko uku sun isa in gano. Sai na lura cewa mutumin da bai manta kuɗin man birki ba, ba mantuwa ce ta hana shi rubuta suna ɗaya ba. A nan na tsayar da bincikena.

Saura maganar mai saye. Wasu daga cikin magada suka ce a sake mastik, a fesa fenti, a yi shiru, tunda motar ta yi shekara 15 tana tafiya bayan gyaran. Akwai marayu a cikinmu, ban kuma ga laifin mai son kuɗin ya yi yawa ba. Amma a zauren gidan nan Malam ya karantar da mu Risala ta Ibn Abi Zaid, inda babin ciniki ya hana ɓoye aibin kaya. Ga shi ƙashin da aka yi wa walda shi ke ɗauke da nauyin gaba, wanda zai shiga motar da iyalinsa yana da haƙƙin ya sani. Na ɗauki hotunan waldar da lambar injin na aika masa, na faɗa masa abin da ya faru da shekarar da ya faru. Ya yi godiya, ya ce shi mai injin asali yake nema, ya rage kusan sulusin abin da ya taya.

Har yau ba mu sallama ba. Akwai ɗan uwana da gaisuwa kawai ke haɗa mu tun ranar, ina fatan Allah ya sanyaya zuciyarsa. Mun yanke wurin da ya yi tsatsa an sake walda mai kyau, motar tana tashi bugu ɗaya. Na buɗe littafin Malam a shafin da ya tsaya, na rubuta kwanan wata da aikin da kuɗinsa, don duk wanda ta koma hannunsa ya karɓe ta da littafinta.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalam.