Firamaren unguwarmu: Iyaye da yawa, ba mai ɗauka

Duk wanda ya bi ta Kawo ko Badarawa ko Unguwar Shanu da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe zai ga ayari biyu na yara. Ayarin farko cikin Keke Napep ko bayan babur, da jakunkuna da kwanukan abinci, sun nufi makarantun kuɗi. Na biyu kuwa a ƙasa suke tafe, wani da littafi guda a cikin leda, wani riƙe da tsintsiya, sun nufi makarantar da har yanzu muke kira LEA, ko da yake tuni hukuma ta ƙara wa sunan harafi ya koma LGEA. Wannan ayari na biyu ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma a kansa nake son yin magana, domin shekara uku ke nan ina cikin kwamitin al'umma da ke kula da wata firamaren gwamnati a wannan ɓangare na Kaduna. Ba zan ambaci sunanta ba, don ba ta fi sauran laifi ba, ba ta kuma fi su gata ba.

Abu na farko da zaman kwamitin ya koya mini shi ne, tambayar "wa ke da makarantar nan?" ba ta da amsa guda. A bisa tsarin mulki na 1999, ƙaramar hukuma na da hannu wajen samar da ilimin firamare da kula da shi, shi ya sa kowace ƙaramar hukuma ke da hukumar iliminta, ƙarƙashin Sakataren Ilimi. Albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Amma ɗaukar malami da korarsa, da manyan kwangilolin gini, suna hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Sama da ita akwai Ma'aikatar Ilimi mai tsara manufa. Can Abuja kuma akwai UBEC, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma ba ta sakin tallafin gine-gine sai jiha ta ajiye nata kason daidai da shi. Sai mu 'yan kwamiti a can ƙasa, mai unguwa da liman da wakilan iyaye mata da tsofaffin ɗalibai, muna da bakin magana, ba mu da asusu.

Ko taswirar ma ba ta taimaka ba. Mutum zai zaci duk abin da ke arewacin kogi na Kaduna ta Arewa ne, alhali Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badiko suna ƙarƙashin Kaduna ta Kudu, Rigasa kuma da dukan ɗimbin jama'arta tana Igabi. Gari ɗaya, yara iri ɗaya, sakatarorin ilimi daban-daban.

A takarda wannan tsari yana da ma'ana, kowa da aikinsa. A aikace, sai ranar da iskar farkon damina ta yaye rufin ajujuwa biyu za ka gane yadda yake. Haka ta faru da mu. Muka rubuta takarda, aka karɓa da fara'a a wani ofishi, aka ce gyara irin wannan ya fi ƙarfinsu. A wani ofishin aka ce sai an sa mu cikin tsarin ayyukan baɗi. Babu wanda ya wulaƙanta mu, babu kuma wanda ya yi mana ƙarya. Kowa gaskiyarsa ya faɗa gwargwadon ikon kujerarsa. Amma ruwan sama ba ya jiran kasafin kuɗi. Aka gwama yaran ajujuwan biyu da na wasu, har sai da wani ɗan kasuwa da ya yi karatu a makarantar ya sayi kwanon rufi, wani kafinta a unguwa ya yi aikin a kan rabin kuɗi. Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai makarantar da ba ta yi sa'ar tsohon ɗalibi mai hali ba fa?

Ni ɗan UPE ne. A 1976 aka rubuta sunana a aji ɗaya, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa, aka sa mu ɗora hannu bisa kai mu taɓo kunne don a tabbatar mun isa shiga. Ba na cikin masu cewa komai na da zinari ne. Mu ma mun zauna a ƙasa, kuma cikin malamanmu akwai waɗanda aka horar cikin gaggawa don a cike gurbi. Bambancin da nake iya tunawa guda ne, amma babba ne: a ajinmu akwai ɗan akawu da ɗan ma'aikacin masaƙa da ɗan soja da ɗan mai facin taya. Idan malami ya yi fashin kwana uku, akwai uban da ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Yau masu irin wannan murya sun kwashe 'ya'yansu. Har malaman makarantar tamu, waɗanda suka samu hali, nasu 'ya'yan na makarantar kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka rage su ne 'ya'yan mai tura baro da mai wankau da bazawarar da ke sayar da awara, mutanen da ke ganin ko tambayar hedimasta rashin kunya ne.

Ba za a ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba, musamman a Kaduna. A watan Janairun 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare a kan Naira 50 kowane yaro a rana. Yara suka yi ta tururuwa, ajujuwa suka cika suka batse, kuma duk wanda ke kusa da makaranta a lokacin ya ga yadda wasu ke sulalewa da zarar an sauke tukunya. Shirin ya tabbatar da cewa yunwa na cikin abin da ke tsare yara a gida, ya kuma tona cewa ba a tanadi aji da benci da malamin da za su karɓe su ba.

Sai babbar girgizar 2017. Aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka sa maki 75 cikin 100 a matsayin cin jarrabawa, aka ce 21,780 sun kasa. Aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, gwamnati ta ce za ta ɗauki sababbi 25,000. Cikin rukunin farko na sababbin ma sai da aka sake sallamar fiye da 4,000 bayan an gano ba su cancanta ba. A Yunin 2022 aka ƙara sallamar 2,357, mafi yawansu saboda sun ƙi zama wata jarrabawar, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba.

Na ga hotunan wasu takardun amsar da aka yaɗa a lokacin, kuma duk uban da ya gan su ba zai so mai irin wannan rubutu ya tsaya gaban ɗansa ba. A nan ina tare da gwamnati. Inda na rabu da ita shi ne, waɗannan mutane ba daga sama suka faɗo cikin aji ba. Wani ne ya ba su takardar shaidar malanta, wani ya ɗauke su aiki, sau da yawa don kansila ko wani babba ya kawo sunansu, wani kuma ya yi shekaru yana sa hannu a kan cewa ya duba aikinsu ya gamsu. Ban ji an yi wa waɗannan jarrabawa ba. Kuma a garin da hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, take tun 1976, ga kwalejojin ilimi a Zariya da Gidan Waya a wancan lokacin, da wuya a gamsar da ni cewa duk cikin mutum dubu ashirin da ɗaya babu wanda horo zai gyara. Abin da ya biyo baya a makarantu da dama shi ne watanni na ajujuwa ba malami, da malaman da suka rage suna aiki da fargaba. Mai fargaba yana zuwa a kan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ba ya faɗa wa na gaba da shi inda yake da rauni.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. Na tsaya a bakin tagar aji biyu a makarantarmu na ƙirga har na wuce ninki biyu na wannan adadi, ban kai bango ba. Malamar ajin, mace mai haƙuri da ta kusa ritaya, ta ce da ni, "Alhaji, kafin in gama kiran suna in raba faɗa, an ci rabin darasi." Na tambaye ta yaran da ke iya karatu, sai ta nuna mini layuka biyu na gaba. Su take koyarwa, in ji ta, sauran kuwa tana tsaron su ne kada su ji wa juna ciwo. Ban taɓa jin bayanin halin da firamarenmu ke ciki da ya kai wannan gaskiya ba, kuma ba za ka same shi a cikin kowane rahoto ba.

Da aka mayar da makarantun gwamnati kwana huɗu a mako a farkon 2022, bin sawun ma'aikatan jiha, ban ji wanda ya lissafa da cewa makarantun allo da Islamiyyu da yawa su ma Alhamis da Juma'a suke hutu ba. Sai Juma'a ta zama ranar da yaron talaka ba boko ba allo, 'yan makarantar kuɗi kuwa suna aji.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake auna nasara. Jami'i zai gaya maka ajujuwa nawa aka gina, benci nawa aka raba, yara nawa aka yi wa rajista. Duka abubuwa ne masu kyau, kuma ana iya ɗaukar hotonsu. Amma a shekara ukun nan ban taɓa ganin an manna takarda a bangon makaranta da ke cewa cikin 'yan aji uku, kaza ne ke iya karanta sakin layi guda da Hausa ba. Yaro na tafiya daga aji zuwa aji don shekara ta zagayo, ya isa ƙaramar sakandare yana kwafar abin da ke kan allo kamar mai zanen hula, bai san me ya rubuta ba. Dokar 2004 ta tanadi gargaɗi, sannan tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta. Ba ta tanadi komai ba ga hukumar da ta riƙe yaro shekara shida ta sallame shi bai iya karanta sunan maganin da aka rubuta wa mahaifiyarsa ba.

Yanzu kuma ga batun 'yancin ƙananan hukumomi, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Zuciyata na son abin, domin ofishin ciyaman a Magajin Gari ya fi kusa da mai tura baro fiye da kowace hukuma ta jiha. Amma tsofaffin malamai ba su manta da 1991 ba, lokacin da aka rushe hukumar firamare ta ƙasa aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, albashi ya riƙa maƙalewa na watanni, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Ko a 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan hakkokinsu da ke wuyan ƙananan hukumomin birnin. Idan za a sauko da iko ƙasa, to a fara cire albashin malami kafin a taɓa ko sisi, kuma a ba Sakataren Ilimi ɗan asusun gyara da zai iya maye rufi ba tare da jiran baɗi ba, a kuma wajabta masa bayyana yadda ya kashe.

A namu ɓangaren, kwamitinmu ya yanke shawarar abin da ba ya buƙatar izinin kowa sai na hedimasta, kuma ya bayar. A ƙarshen wannan zango, mu shida, har da mata biyu da suka yi sakandare, za mu zauna da 'yan aji uku ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro minti biyu, mu ba shi gajeren labari da Hausa da lissafin tarawa guda biyar. Ba za mu rubuta sunan yaro ko na malami ba. Jimillar kawai za mu rubuta a babbar takarda, mu manna a ƙofar ofis, mu karanta wa iyaye ranar taro, mu aika wa Sakataren Ilimi kwafi. Malamar aji biyu ta roƙi a haɗa da nata ajin, wai tana so ta san ko layukan nata sun kai uku.