Daga Mazanya Zuwa Tabarmar Matan Maraɗi

Cikin bazarar 1996 ne, malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki, ni kuwa ina aji biyu, zaman gida ya ishe ni. Wata safiya Baba ya kira ni ya ce in shirya in je in gaida yayarsa da ke aure a wani ƙauye kusa da Maraɗi, wadda rabona da ita tun ina firamare. "Ki je ta gan ki," in ji shi, "zumunta a ƙafa take." Kwana biyu bayan nan na hau fijo a tashar Katsina, muka kama hanyar Jibiya.

Mun wuce Daddara rana ta fara zafi. Da muka shiga yankin Mazanya da Magama direba ya tsaya, fasinjoji suka sauka, masu canjin kuɗi suka yanyame mu, kowa da damin sefa a hannu. A nan na fara karatun da ba a koya mini a aji ba. Wata dattijuwa mai fura, mutuniyar Mazanya, ta ga ina jujjuya tsabar da aka ba ni, sai ta jawo hannuna ta zuba su a tafinta. "'Yar nan, can da dala ake lissafi," ta ce. Ta nuna mini cewa sefa biyar ita ce dala ɗaya, sefa ɗari dala ashirin, dubu kuwa jika. Ta ce ita kanta ɗiyarta a ƙetare take aure, duk suna da biki da gaisuwar mutuwa sai ta tsallaka. A bakinta iyaka ba ta wuce wurin da ake sauka daga mota a nuna takarda ba.

Gaskiya ta faɗa. Mun wuce shingen Najeriya, muka iso Ɗan Isa inda jandarmomi da 'yan duwan suke, amma harshe bai sake ba, sallama ba ta sake ba, gonakin da ake shara ana jiran ruwa iri ɗaya ne. Dalilin yana cikin tarihi. Bayan jihadin da ya soma a 1804, sarakunan Katsina na dauri suka yi arewa da jama'arsu, Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsu a Maraɗi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gulbin Maraɗi ma daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar, ya gaida Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya haɗu da Rima. Ruwan ma ziyara yake zuwa ya komo.

Gwaggo ta tarbe ni da guɗa. An yanka mini kaza, an dama fura da nono mai kauri, maƙwabta suka yi ta shigowa ganin "ɗiyar Katsina". Amma abin da ya zauna mini a zuciya shekara talatin ba kazar ba ce. Ranar Alhamis ce bayan la'asar, na ga Gwaggo ta yi wanka, ta ɗaura zanen fita, ta ƙulle dala goma a bakin gyale. Na ce, "Gwaggo, unguwa za ki?" Ta ce, "Taron asusu za ni. Taso ki gani."

A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya mata wajen talatin sun yi da'ira a kan tabarmi. A tsakiya akwai akwatin ƙarfe da kwaɗo uku. Makullan ukun suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Aka yi addu'a, aka buɗe a gaban kowa. Ana kiran suna, mace ta taso ta ajiye dala gomanta a cikin faranti, masu ƙirga biyu su ɗaga murya su faɗi abin da ya shiga. Yawancinsu ba su taɓa zuwa lakwal ba, babu mai riƙe da alƙalami, amma da shugaba ta tambaya nawa aka rufe a makon jiya, sai da'irar ta amsa da baki ɗaya, kuma da aka ƙirga haka ɗin ne, ko tamma ba ta ɓata ba. Wadda ta makara ta jefa tarar dala ɗaya ba tare da gardama ba.

Sunan tsarin Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ce ta fara shi a ƙauyukan jihar Maraɗi a 1991, da hannun wata ma'aikaciya 'yar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes. An ɗora shi ne a kan adashen da matan Hausa suka gada, sai dai a nan kuɗin ba ya tafiya kwasa-kwasa. Yana taruwa a akwati, mai bukata ta ranta, ta mayar da ɗan ƙarin da su da kansu suka yanke, ƙarshen zango a fasa a raba. Babu sisin wani baƙo a ciki. Daga ƙauyukan nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna amfani da shi a yau.

Na iske sun fasa akwati ba da daɗewa ba, suna buɗe sabon zango, lokacin da ake karɓar sababbin shiga. A hanyar komawa gida na ce wa Gwaggo ina so. Ta dube ni ta ce, "Ba a shiga da so, ɗiyata. Sai an gan ki."

Mako uku ina zuwa ina zama a bakin tabarma, ba ni da magana, ba ni da zubi. Daga baya na gane cewa a makonnin nan ana auna ni ne: ko ina zuwa kan lokaci, ko ina durƙusa wa manya, ko abin da na ji a taro yana fita a bakin rijiya. Mu uku ne masu neman shiga. Akwai wata bazawara mai goyo, wadda ba ta da komai sai tiren ƙuli-ƙuli, akwai kuma matar wani ɗan kasuwa mai shanu da amalanke.

Ranar Alhamis ta huɗu shugaba ta kira ni tsakiya. Tsohuwa ce siririya mai kwarjini, ba ta ɗaga murya. Ta fara da tambayar wa ya tsaya mini. Gwaggo ta miƙe ta ce, "Ɗiyar ƙanena ce. In ta ci, ni na ci." Sai shugaba ta juyo gare ni. "Mi hannunki ya iya?" Na ce, "Inna, ina karatu a jami'a." Ta gyaɗa kai ta ce, "Allah shi sa albarka, karatu alheri ne. Amma akwati kowace Alhamis yake cin abinci. Da mi za ki ciyar da shi?" Na ce na iya saƙar hular jarirai da safa. Ta sa aka kawo zare da ƙwarashi daga wani gida, na yi layi biyu a gabansu, hular da ke kan ɗan bazawarar nan aka ciro aka gwada da ita. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi: "In 'yar uwarki ta ci bashi ta kasa biya don ɗanta ba lahiya, mi za ki ce a yi mata?" Na ce a ɗaga mata, kuma a je a duba yaron. Ta juya ga da'irar ta ce, "Kun yarda?" Suka ce sun yarda. Wata ta rangaɗa guɗa, aka matsa aka buɗa mini wuri a kan tabarma.

An karɓi bazawarar nan a ranar, mata biyu suka tsaya mata. Matar ɗan kasuwa kuwa aka ce ta ƙara jira, don sau biyu tana aiko yaro da kuɗi maimakon ta zo. Shugaba ta faɗa mata cikin mutunci cewa kuɗinta mai kyau ne, amma fuskarta ake so. Ba a kore ta ba. Ta dawo da ƙafarta mako huɗu a jere, ta shiga, ta zauna kusa da mai ƙuli-ƙuli, zubinsu ɗaya, ƙuri'arsu ɗaya.

Abin da ya taso mini da wannan tsohon labari shi ne hirar da muka yi da ɗiyar ƙanwata mai karatu a Amurka. Ta ba ni labarin ƙungiyoyin 'yan uwantaka na ɗalibai mata a jami'o'in can, masu sunaye da haruffan Girkanci. Tsofaffi ne ƙwarai: an kafa Kappa Alpha Theta a 1870, ɗalibai baƙar fata kuma suka kafa Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard a 1908, ƙungiyar da Kamala Harris ke cikinta. Suna aikin taimako, suna riƙe juna har tsufa. Sai dai a jami'o'i da yawa, in ji ta, shiga ta mako guda ce: sababbin ɗalibai su ci ado su yi ta zagaya gidajen ƙungiyoyi, ana hira da su ta 'yan mintoci, kullum ana rage wasu, ranar ƙarshe wata ta sami gayyata wata ta koma ɗaki da hawaye, ga kuɗin zama 'yar ƙungiya mai yawa. Na tuna mu ma a ɗakunan kwananmu na jami'a, atamfa da takalmi da motar da ta kawo ki su ne ke zaɓa miki ƙawaye. Matan da na gani a ƙarƙashin darbejiya sun fi mu sanin mutum. Sun ba shi lokaci ya nuna halinsa, sun tambayi hannunsa da zuciyarsa, wadda ba ta kai ba kuma sun nuna mata hanyar da za ta kai.

Na ga amfanin akwatin da idona. Bazawarar nan ta ranci jika uku ta sayi gyaɗa, ta riƙa matse mai tana toya ƙuli, kafin damina ta yi nisa ta ɗaure jar akuya a ƙofar ɗakinta, irin jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna a duniya. Wata ta kai mijinta asibiti da kuɗin akwati ba ta sayar da tukunyarta ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Aka janye yajin aiki kafin a fasa akwati, na koma makaranta na bar wa Gwaggo kuɗin sauran makonni. Na ma cire rai da zancen. Bayan watanni sai ga wani direban layin Maraɗi ya yi sallama a gidanmu na Katsina da ƙullin tsumma. A ciki akwai rabona cif, har da tsabar dala-dala ta riba, ga ƙullin ƙuli-ƙuli, ga saƙon baki daga shugaba cewa wurina a tabarma yana nan. Kuɗin ya ratsa shingen ƙasa biyu a hannun mutum uku, babu takarda babu sa hannu.

Gwaggo ta rasu, shugaba ma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Hanyar ta ga abubuwa bayansu. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, rashin tsaro ya takura wa mutanen Jibiya, ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta nan. Ina roƙon Allah ya dawo da zaman lafiya Mazanya da Magama da Ɗan Isa, mai fura ta tsallaka wurin ɗiyarta ba fargaba.

'Yan matanmu na jami'o'i da kwalejoji, in za ku kafa ƙungiya, ku ɗauki darasi daga iyayenku na Maraɗi. Ku tambayi mai son shiga abin da hannunta ya iya da abin da za ta yi ranar da 'yar uwarta ta shiga matsi. Ku sa zubin da mai ƙaramin ƙarfi za ta iya, ku raba makullai, ku ƙirga a gaban kowa, kuma kowace ta zo da ƙafarta. Ni ɗalibar jami'a ce lokacin da na je, amma a kan tabarmar nan na koyi riƙon amana, kuma da shi nake aiki har yau.