Iyafis ɗin da Baba ya ƙwace mini

Shagona yana Adum, a layin masu waya da ake kira PZ, gidanmu kuwa yana Aboabo, cikin Zangon Kumasi, inda aka haife ni, aka kuma haifi Baba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da caja da batir da gilashin fuskar waya da iyafis. Duk wanda ke wannan sana'a ya san halin iyafis mai araha: a saya yau, bayan wata biyu kunne ɗaya ya mutu, a dawo a sayi wani. Ba zan ɓoye muku ba, da wannan mutuwar kunne ɗaya na daɗe ina biyan kuɗin makarantar yara. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar iyafis a matsayin abin da mai hankali zai zuba wa kuɗi ba.

A 2018 na je saro kaya Guangzhou, wani abokin tafiya ya ja ni muka shiga jirgin ƙasa zuwa Shenzhen, kasuwar Huaqiangbei. A wani bene can sama na ga shago da ba a ciniki da ihu. Mutane zaune kan kujeru, ido a rufe, kowa da abu a kunne kamar masu jiran likita. Mai shagon ya nuna mini Shure SE846, wanda ya fito a 2013 a kan dala 999. Dariya na yi. Na ce wa abokina da Hausa, kuɗin babur ne fa wannan, a cusa a kunne! Mai shagon bai ji me na ce ba, amma ya gane dariyar, sai ya goge robar, ya miƙo mini, ya nuna wayata.

Waƙar Ɗan Maraya Jos na sa, wadda tun ina yaro nake ji a rediyon Baba. Wallahi na ɗauka na san ta kamar yunwar cikina. Sai ga shi ina jin yadda yatsa ke goga tsirkiyar kuntigi, ina jin inda mutumin ke jan numfashi kafin ya ɗauki baiti. Ban sayi wannan ba, ban haukace ba tukuna. Amma ban fita hannu rabbana ba: na sayi wani na hannu, mai igiya, ɗan ƙasa da shi a daraja, a kuɗin da ya cinye ribar kwali guda na caja. Da uwargida ta tambayi farashi, rabi na faɗa mata, kuma ko rabin sai da ta riƙe baki.

Daga baya na zauna na koyi abin da ke sa su tsada, don kwastoma na tambaya, kuma ɗan kasuwar da bai san kayansa ba dillalin kansa ne. Iyafis ɗin da muke sayarwa da dozin, ƙaramar lasifika ɗaya ce a ciki, ita za ta yi gangar, ita za ta yi muryar. Masu tsadar da yawa suna da ƙananan injina biyu ko uku ko huɗu a kowane kunne, an raba musu aiki, wannan ya ɗauki sauti mai kauri, wancan ya ɗauki siriri. Irin injin nan asalinsa daga na'urar taimaka wa masu matsalar ji aka aro shi, abin da ban kula da shi ba a lokacin. Akwai kuma masu lasifika ɗaya tak amma an ƙera ta da kyau, kamar Sennheiser IE 900 na 2021, wanda ya haura dala dubu. Sai dai abin da ya fi ba ni mamaki shi ne robar bakin. In ba ta toshe kunne ɗam ba, duk kuɗinka ya tafi a banza, sautin zai fito kamar ana buga gwangwani. Na sha ganin wanda ya dawo da kaya wai jabu ne, alhali robar ce ta yi masa ƙanƙanta, ko kuma dattin kunne ya toshe 'yar ragar. Buroshi nake sawa in goge, ya tafi yana godiya kamar na yi sihiri.

Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, kasuwa ta juya zuwa marasa igiya, sauran kamfanoni suka bi. Ni ma a 2021 na bi yayi, na sayi mara igiya mai tsada, irin mai kashe hayaniya. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Yadda yake aiki, akwai ƙananan makirfo da ke sauraron ƙarar waje, sai na'urar ta fitar da kishiyar ƙarar, su kashe juna kafin su kai dodon kunne. Ya fi iya ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, kamar injin jirgin sama ko janareta. To, wanda ya zauna a Adum ranar da dumso ya ɗauke wuta, kowane shago ya tayar da janaretansa, ya san darajar wannan. Ina sawa sai in ji kamar an rufe mini ƙofa. A trotro ina sawa, a shago ina sawa, har na fara shiga gida da shi.

Wata rana da dare ina zaune a tsakar gida, 'yata ƙarama ta yi ta kirana daga bayana, ta gaji ta fashe da kuka. Uwargida ta zo ta tsaya a gabana har sai da na cire. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Alhaji, gidan nan mai ciwon kunne ɗaya ya ishe mu."

Baba take nufi. Shekarunsa sun haura saba'in, kuma jinsa ya daɗe yana raguwa. Mun kai shi asibitin Komfo Anokye, sashen kunne, aka gwada, aka ce na tsufa ne. Likitan ya yi mana bayanin da ya warware mini abin da ya daɗe yana ba ni haushi: irin wannan ciwo sauti siriri yake fara ci, wato su "s" da "sh" da "ts" da "f". Shi ya sa Baba yake jin ana magana amma ba ya gane me aka ce, kuma in ka yi masa ihu sai ya ce ai ba kurma ba ne shi. An ba da shawarar na'urar ji. Ya ƙi. Ya ce ba zai zauna a majalisar 'yan goro da abu maƙale a bayan kunne yara na nuna shi ba. A hankali ya daina zuwa majalisar gaba ɗaya, don ana dariya shi bai san me aka faɗa ba.

A nan sai na koma baya kaɗan. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. Tsofaffin Zango har yau ba su gama ba da labarin ba. Wan Baba, wanda muke kira Baffa, ya ɗauki mahaifiyarsu suka tafi Kano, garin da kakanmu ya baro da fataucin goro. Baba ya tsaya a kan cewa in ƙura ta lafa za su dawo. Ba su dawo ba. A 1987 wani direban motar goro ya kawo wa Baba kaset, Baffa ya yi magana a ciki ta kusan minti ashirin: gaisuwa, wanda ya rasu, wanda aka aurar, farashin goro a can. A tsakiya ya ce ga Inna nan, amma ta ce ita ba ta magana da akwati. Bayan shekara biyu Inna ta rasu, Baffa ma ya bi ta daga baya, Baba bai sake ganin ko ɗaya ba.

Kaset ɗin nan mun ji shi ya fi a ƙirga, a rediyo mai lasifika. Da na ga zaren ya fara laushi, na kai aka juye mini shi cikin waya. Daren da uwargida ta yi mini wannan magana, kunya ta hana ni mai da mara igiyar kunne, sai na ɗauko tsohon nan na Shenzhen, na shiga ɗakin Baba.

"Baba, ku gwada wannan."

"Na ce maka ba na son abin kurame."

"Ba shi ba ne. Wannan na mawaƙa ne, irin wanda suke sawa in sun hau dandamali." Ba ƙarya na yi ba, daga can irinsa ya samo kasuwa.

Na canza masa roba zuwa babba, na sa masa, na kunna. Ya yi shiru yana gyaɗa kai har wajen minti na tara. Sai ya kama hannuna da ƙarfi, ya ce in mai da baya. Na mayar. Ya ce in ƙara. A karo na uku ya ce, "Inna ce."

Na karɓa na saurara. A bayan muryar Baffa akwai ƙarar turmi, akwai zakara, sannan can nesa wata tsohuwa tana yi wa yaro faɗa, kamar a kan ya bar ƙofa a buɗe akuya ta shigo. Kalma shida ko bakwai ce duka. Shekara talatin da 'yan kai tana cikin kaset ɗin, lasifikar rediyo da hayaniyar Aboabo sun rufe ta. Baba bai yi kuka a gabana ba, ya dai ce in fita in ja masa ƙofa. Da safe na je karɓar kayana, ya ce wane kaya?

Shi ke nan na rasa shi. Mara igiyar kuma bai yi mini rana ba. Kafin ya cika shekara biyu da rabi, kunnen dama ya koma minti arba'in yake riƙe caji, daga baya minti goma. Na kai wa yaron da ya fi kowa iya gyara a layinmu, ya juya shi, ya ce batirin a manne yake da gam, in ya fasa ba zai koma daidai ba. Batirin da bai kai ƙwayar wake ba ya kashe kayan ɗaruruwan daloli, a daidai lokacin da sidi ta faɗi warwas, don a Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta wuce kashi 50 cikin ɗari. Irin wannan batir kowane caji yana rage masa kwana, zafi kuma yana ƙara masa sauri, mu kuwa zafi ba baƙonmu ba ne. Na Baba fa? Igiyarsa ta tsinke sau biyu, amma irin wadda ake zarewa ce, na sa sabuwa da kuɗin da bai kai na kwanon waakye uku ba.

Yanzu duk shekara in kamfanoni za su fitar da sabon samfuri, samarin layinmu sai su taru a kan waya suna musu: za a ƙara ƙarfin ganga, za a ƙara awa biyu a caji, za a canza launi. Ni abin da nake jira daban ne, kuma na farko shi ne batirin da za a iya cirewa. Ba mafarki ba ne, don wani kamfanin Holan mai suna Fairphone ya fitar da Fairbuds a 2024, kuma mutum da hannunsa zai canza batirin kunnen da na akwatin. Tarayyar Turai ma ta yi dokar batir a 2023, wadda daga Fabrairun 2027 za ta nemi a riƙa ƙera yawancin ƙananan na'urori yadda za a iya canza musu batir. Abin da Turai ta tilasta yakan iso mana, yadda ramin caji na USB-C ya iso. Na san wannan zai rage mini masu dawowa sayen sabo. Na yi lissafi, zan sayar da batir.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne na ji. A Satumbar 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince AirPods Pro 2 ya yi aikin na'urar ji ga manya masu matsala ƙarama zuwa matsakaiciya. Wayar ce ke gwada kunnenka, ta ƙara sautin da ka rasa kaɗai. Ba kowace ƙasa aka buɗe wa ba, kuma yana buƙatar wayar kamfanin, wadda dattijon Zango ba zai saya ba. Amma ku duba abin da ya faru: injin da aka aro daga masu ciwon kunne ya yi yawo wajen mawaƙa da 'yan gayu, yanzu sana'ar ta juyo gida. Ranar da kamfanonin da ke yi wa talaka kaya, irin su Oraimo da muke sayarwa kullum, suka kawo wannan a farashin da za mu iya, dattawa da yawa za su koma majalisa, don babu mai nuna wanda ya sa iyafis. Kafin nan dai, mai ciwon kunne ya fara zuwa asibiti, ba shagona ba. Samarin da ke ƙure ƙara kuma ina gaya musu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalata jinsu da irin wannan sauraro. Suna dariya su biya su tafi.

Fassarar kai tsaye da aka yi ta talla a 2025, ka sa a kunne ka ji baƙon yare da naka, ba ta fara da Hausa ko Twi ba. Ba ta dame ni ba sosai. Mu a Kejetia da yare uku muke ciniki tun kafin a haifi masu ƙera ta. A Guangzhou dai da ta yi mini amfani.

Kwanan baya ina ba Baba labarin sababbin, na ce masa yanzu akwai wanda in kana waya da mutum, na'urar kan share duk hayaniyar da ke bayansa, muryarsa kaɗai za ta iso maka tsaf. Na ɗauka zai yi murna. Ya cire kunne ɗaya, ya ce in maimaita. Na maimaita a hankali.

"Har turmi da zakara?"

"Har su, Baba."

"To kada ka sayo mini wannan," in ji shi. Ya mai da abinsa kunne, sannan ya ƙara da cewa in zan koma Sin in taho masa da igiya biyu, da roba babba, don ta hagun ta fara tsagewa.