Wane Labari Ya Cancanci Ka Tura Wa Maƙwabcinka?

Da wuya mako ya wuce ba a turo mini gajeren labari ta WhatsApp ba, a ƙarƙashinsa an rubuta a karanta a tura wa wasu. Ina karanta mafi yawansu, amma kaɗan nake turawa gaba, har wasu abokai na yi mini tsiya wai ina rowar labari. Ba rowa ba ce. A gari irin Kafanchan, tura labari amana ce.

Hausar garin nan ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Tun da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa a shekarun 1920, da ita Fantswam da Kaninkon da Bajju da Atyap da Fulani da Ibo suke ciniki, da ita ake wa'azi a masallaci da coci. Labarin da ka tura yau, gobe yana hannun wanda ba addininku ɗaya ba. Mun kuma san abin da magana ke iya jawowa: rikicin Maris na 1987 daga sa-in-sa kan wa'azi ya taso a Kwalejin Ilimi, kuma a rikicin bayan zaɓen 2011 kasuwarmu ta ƙone. Shi ya sa nake auna labari kafin ya bar wayata.

Abu na farko da nake dubawa shi ne ko akwai mutane a cikinsa, ko kuwa laƙabi kawai aka jera. Da yawa daga labaran da ke yawo, kishiya muguwa ce tun daga layin farko, ɗan wata ƙabila kuma macuci ne ba tare da an faɗi dalili ba. Ku kwatanta da "Bayan Layi" na Elnathan John, haifaffen Kaduna, wanda ya shiga jerin ƙarshe na gasar Caine a 2013. Da Turanci ya rubuta shi, a kan yaran titi da 'yan siyasa ke ba wa kuɗi su yi ɓarna lokacin zaɓe. Mu da muka ga 2011 muna da dalilin tsanar irin waɗannan yara. Amma marubucin ya sa ɗaya daga cikinsu, Ɗantala, ya ba da labarin da bakinsa, sai ka ga yunwarsa da tsoronsa da yadda yake neman wanda zai kula da shi. Bai wanke shi daga laifi ba, ya dai hana ka mance cewa yaro ne. Irin wannan labari zan iya miƙa wa limami, in miƙa wa fasto, ba tare da fargaba ba.

Na biyu, ina gudun labarin da marubucinsa bai yarda da hankalina ba. Za ka ga an kammala labari lafiya, sai a ƙara sakin layi uku ana jero darussa, kamar wanda ya dafa miya ya tsaya a kanka yana gaya maka tana da daɗi. A nan gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, ta taimaka ƙwarai. Iyakar kalmomi 1,000 zuwa 1,500 da aka sa ba ta barin wurin dogon wa'azi, dole abin da ya faru ya yi magana da kansa. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da "Sansanin 'Yan Gudun Hijira". A 2020 Maryam Umar ta yi nasara da "Rai da Cuta", labarin matar da mijinta ya ƙi yarda akwai korona har ya shafa mata. Na tura wa mutane da dama wannan, domin taurin kan da ke cikinsa kowa ya san shi a gidansu, ko da babu annoba. A 2021 kuma "Haƙƙina" na Aishatu Musa Dalil ya taɓo fyaɗe da yadda iyali ke rufe shi don gudun abin kunya, maganar da mu ma a nan ba mu cika son yi a fili ba.

Na uku, ina son in ji cewa marubuci ya san wurin da yake magana a kai. Labarin da aka ce ya faru a "wani gari", kowa na shiga mota mai tsada yana fita, bai cika zama a raina ba. Wanda ya san yadda ake tsaga citta a shanya ta, ko yadda ƙarar ruwan Matsirga ke ƙaruwa da damina, ba sai ya rantse mini ba kafin in yarda da sauran abin da ya faɗa.

A nan ne nake ganin giɓinmu. Labaran Hausa da muke karantawa galibi daga Kano da Katsina da Sakkwato suke zuwa, har da Maraɗi, inda Amira Souley ta fito ta lashe Hikayata a 2022. Namu fa? Manomin citta da cutar 2023 ta cinye masa gona bayan ya ci bashi, tsohon ma'aikacin reluwe da ke zaune yana kallon tashar da ta yi shiru, aminai biyu da rikici ya raba musu unguwa amma har yau suna zuwa wa juna gaisuwar mutuwa: duk labarai ne da ke jiran mai rubutawa. In ba mu rubuta su ba, wasu za su ci gaba da sanin Kafanchan ta kanun labaran rikici kawai.

Matasanmu, musamman 'yan mata masu sha'awar rubutu, ku gwada. Kafin ku saki labari, ku tambayi kanku ko za ku iya karanta shi da murya a gaban mutumin da kuka siffanta a ciki. In za ku iya, ku turo shi wannan zaure, ni ne farkon mai turawa gaba. Allah ya zaunar mana da garinmu lafiya.