Talabijin a Hanyar Garwa

A gidajenmu na Ekoudou akwatin talabijin yana da mai shi. Maigida ne ke cewa a kunna, shi ke cewa a kashe, kuma da an kira magariba a masallatan Briqueterie ba a jiran umarni. Haka muka taso. Iyayenmu suna ba mu labarin shekarar 1985 da talabijin ya fara aiki a Kamaru, da yadda a 1990 aka riƙa cika tsakar gidan maƙwabci ɗaya don ganin Roger Milla a gasar cin kofin duniya ta Italiya. Ko a wancan cinkoson akwai dattijon da idan ya yi gyaran murya sai a rage sauti.

Ba mu san darajar wannan ba sai da muka ɗauki yara zuwa Garwa gaida kakanninsu. Jirgin ƙasa muka hau da yamma daga Yawunde, a layin dogon da ya isa Ngawundere a 1974, tafiyar fiye da kilomita 600. Dare ya rufe mu tun kafin Nanga-Eboko, Belabo kuwa muryoyin masu talla kawai muka ji ta taga. Gari ya waye mana a tudun Adamawa, ga sanyi, ga garken shanu cikin ciyawa. Yaran da aka haifa tsakanin shagunan teloli da hayaƙin masu tsire suka manne a gilashi, ba mai ƙifta ido.

Daga Ngawundere muka shiga babbar mota, a nan kuma muka tarar da shi rataye a saman kan direba. Mun ji cewa a Turai masu motocin nan da ke da gado da wurin girki sukan ɗora faranti a rufi, su tsaya inda suka ga dama, su zaɓi tashar da suke so. Namu ba haka yake ba. Yaron mota ne ke da rimot, abin da ke cikin filashinsa shi kowa zai kalla, mutum sittin ko fiye, da malami da ɗan kasuwa da amarya da jariri. Ba ƙofar fita, ba kuma inda za ka kai idonka, domin kujerun duk gaba suke fuskanta.

Da farko wasan barkwanci ne, aka yi dariya. Daga nan sai waƙoƙi da raye-rayen da ba za mu bari su wuce zauren gidanmu ba. Wata dattijuwa a gefenmu ta ja mayafinta ta rufe fuskar jikarta. Muka yi ta maza muka ce, “Ɗan'uwa, don Allah a canza mana, akwai yara.” Wani saurayi daga baya ya ce shi ma kuɗinsa ya biya. Gaskiya ya faɗa, abin da ya sa maganar ta yi nauyi ke nan. Bayan 'yar muhawara cikin Hausa da Fulatanci da Faransanci aka daidaita a kan wani fim ɗin Kano, wanda shi ma (mu faɗi gaskiya) rabinsa rawa ce.

Amma abin da ya fi damunmu daban ne. Motar ta fara sauka daga tudu ta gangaren nan mai kwane-kwane da ake kira Falaise, ƙasar Binuwai ta buɗe a ƙasa har iyakar gani, wurin da mahaifinmu ba ya wucewa sai ya yi tasbihi. Muka waiga, yaranmu duk sun ɗaga kai sama suna jiran a ga wa za a aura wa wa. Don su ga wannan ƙasa muka biya kuɗin tafiya.

Can wajen gandun dajin Binuwai motar ta faɗa wani rami, akwatin ya yi ƙif ya mutu. Yaron mota ya buga, ya jijjiga waya, shiru. Aka yi ta tsaki. Jim kaɗan sai ƙaramarmu ta daka tsalle: “Baba, birai!” Garke guda ne zaune a bakin titi, wata uwa da ɗanta a baya. Daga nan har gadar Garwa ba ta bar mu mun huta ba: wannan wace bishiya ce, me ya sa auduga take fari tun a gona, Kaka ma ta taɓa ganin birin nan?