Tata: Tsohuwar Da Sunanta Ya Zama Sunan Gida

Yau ina so mu ɗan taɓa maganar sunan gida, wato sunan nan na ƙarshe da takardun zamani ba sa karɓar mutum sai ya cike gurbinsa. A duk faɗin Kano ban san sunan gidan da ya kai Ɗantata tashe ba, to amma da yawa daga cikinmu ba mu taɓa tsayawa mun raba kalmar gida biyu ba. In ka raba ta, abin da za ka samu shi ne ɗan Tata. Ita kuwa Tata mace ce.

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, a gidan Agalawa fatake. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa Amarya kuma, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa da ake kira Tata. Ita ta riƙe shi, har mutane suka jingina shi gare ta. Yaron nan ya girma ya yi fataucin goro, da jirgin ƙasa ya iso Kano kuma ya shiga cinikin gyaɗa, ya kafa gidansa a wajen Koki. Har yau ana ba da labarin yadda ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin banki a 1929. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Laƙabin bai bi shi kabari ba. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu sun ɗauke shi, jikoki ma haka, ya hau allunan kamfanoni kamar Dantata and Sawoe masu aikin hanya. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnen Alhassan ne ta wajen mahaifiyarsa Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata. Da Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina, kafafen labarai na duniya sun yi ta maimaita sunan. Duk wanda ya furta shi kuwa ya ambaci baiwar nan ta Bebeji, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya sa wannan ya zama abin lura shi ne, asali mu Hausawa ba mu da sunan gida mai bin zuriya. Sunanka da na mahaifinka ke nan, in ka haihu ɗanka ya ɗauki naka, na kaka ya faɗi. Da boko ya zo, musamman bayan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, sai rajista ta cika da Muhammadu da Abubakar, ga kuma kunyar da ke hana yaro kama sunan mahaifinsa a bainar jama'a. Sai aka koma ga sunan gari, shi ya sa muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari, daga baya Rimi da Kwankwaso da Ganduje. Mutanen cikin birni kuma suka ɗauki unguwa ko ƙofa, kamar Kabara da Ɗan'agundi, mu ma marubuta ga namu Ado Ahmad Gidan Dabino.

Wannan “ɗan” da muke liƙawa a gaban suna ba mu kaɗai ke da shi ba. Mutanen ƙasar Ayalan, maƙwabciyar Ingila, suna cikin waɗanda suka fara gadon sunan gida a Turai, kuma yawancin sunayensu da Mac ko O suke farawa. Mac na nufin ɗa, O na nufin jika. Duk wani O'Brien, alal misali, ana jingina shi ne ga sarkinsu Brian Boru da aka kashe a yaƙi a 1014. Sai dai su galibi kakansu namiji suke tunawa, sarki ko jarumi. Mu kuwa laƙabinmu ya bar wa mace ƙofa. Ban da Tata, ga Ramat da ke tsakiyar sunan Janar Murtala Ramat Muhammad da ƙanwarsa, uwarmu a rubutu, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kuykuyo Ne. Sunan mahaifiyarsu ne.

Dalilin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne ni ma riƙona aka yi. A Ƙofar Dawanau na tashi, tsakanin Ƙofar Waika da Ƙofar Ruwa, a ɗakin yayar mahaifina wadda Allah bai ba haihuwa ba. Tun daga yaye aka miƙa mata ni. Da kuɗin koko da ƙosai ta saya mini kayan makaranta, da adashinta ta biya mini kuɗin jarrabawar gama sakandare, ita da ba ta san ko bihim a boko ba. Tatsuniyoyin da take yi mini in an sha iska a tsakar gida su ne jarin da nake ci har yau. A layinmu in ka tambayi sunana na yanka sai an yi tunani, amma in ka ce 'yar Gwaggo, ƙaramin yaro ma zai kawo ka ƙofar gida.

Lokacin da zan fitar da littafina na farko sai da aka yi muhawara a kan sunan da zai hau bango. Wasu suka ce in sa na maigida kamar yadda marubuta mata da dama suke yi, na ce a'a, aure na iya mutuwa, uba kuwa ba ya canzawa. Wasu suka ce in sa Dawanau, sai na ga kowa zai ɗauka daga garin kasuwar hatsi na fito, alhali ni 'yar bakin ƙofa ce. Aka tsaya a kan sunan mahaifina. Gwaggo ta karɓi littafin ta juya shi, ta sa mini albarka, ta adana shi a ƙasan adakarta har ta koma ga Mahaliccinta.

Yanzu 'ya'yana sun girma, kuma zamani ya ɗaure suna da igiya. Abin da ke katin ɗan ƙasa shi za a nema a banki, shi za a nema wajen jarrabawa, harafi ɗaya ya saɓa sai an sha wahala. Laƙabi ba shi da gurbi a fom. Autata ba ta taɓa ganin Gwaggo ba, kuma babu takarda ko ɗaya a gidanmu da ke ɗauke da sunanta. In na rufe ido, shi ke nan an shafe ta.

Don haka na yanke shawarar littafina mai zuwa zai fito da laƙabinta a tsakiyar sunana. Da na shaida wa babban wanmu sai ya ɓata rai, ya ce, “Ke yanzu sunan Baba ne bai ishe ki ba? Kin san dai addini ya hana jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba.”

Na ce, “Yaya, Allah ya huci zuciyarka, sunan Baba yana nan a mazauninsa, ban taɓa shi ba. Nasaba daban, laƙabi daban. Duk Kano an san Alhassan ɗan Abdullahi ne, Ɗantata bai raba shi da ubansa ba.” Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, “Ai ni ma ƙosanta na ci na girma.” Ban ƙara jin ya ta da maganar ba.

Ba cewa nake kowa ya je ya canza takardunsa ba. Amma kusan kowane gida a birnin nan yana da Tatarsa: kaka, ko gwaggo, ko kishiyar uwa, ko wata baiwar Allah da ta goya marayan da ba ta haifa ba. Tata ta dace ne domin ɗan riƙonta ya yi arziki, sauran kuwa sai in mu muka ɗaga su. Mai rubutu ya sa tasa a littafi, mai shago ya sa a allo, wanda Allah ya ba 'ya mace ya yi mata takwara, wanda bai da ko ɗaya ya zaunar da 'ya'yansa ya gaya musu sunanta, ya kuma sa ta a addu'a.

Allah ya jiƙan Tata, ya jiƙan Gwaggo, ya saka wa duk mai riƙon ɗan wani da gidan Aljanna, amin.