Sojan da Ya Koma Riƙon Tsintsiya

A ranar 19 ga Yuli, 1919, mutanen Ottawa, babban birnin Kanada, suka fito kan tituna domin bikin zaman lafiya, gama Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare. A gaban jerin tsofaffin sojoji akwai wani baƙo mai suna Filip Konowal, yana sanye da Gicciyen Biktoriya, lambar jaruntaka mafi girma a dukan ƙasashen da ke ƙarƙashin sarkin Ingila. Kashegari, kafin rana ta faɗi, mutumin nan yana hannun ƴan sanda saboda ya kashe mutum.

An haifi Konowal wajen shekara ta 1888 a wani ƙauye mai suna Kutkivtsi a ƙasar Yukren, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin sarkin Rasha. Ya koyi aikin dutse da gini wurin ubansa, ya yi aure, aka haifa masa ƴa mace. Sa'an nan aka ɗauke shi soja a rundunar Rasha, inda ya ƙware har ya zama mai koya wa sojoji faɗan gaba da gaba, da wuƙar bindiga da hannu. Da aka sallame shi sai ya tafi saran itace a Sibiriya. A 1913 ya shiga jirgin ruwa ya haye babban tekun zuwa Vancouver, ya bar matarsa da ƴarsa a gida, kamar yadda mai ci-rani yakan yi, da nufin ya tara kuɗi. Bai ƙara ganinsu ba har ya mutu.

Yaƙi ya tashi a 1914, aiki ya yi wuya. A watan Yuli na 1915 ya sa hannu ya shiga sojan Kanada. A nan akwai abin lura. Ƴan kabilarsa da ke Kanada kashi biyu ne, waɗanda aka haifa a ɓangaren Rasha da waɗanda aka haifa a ɓangaren Ostiriya. Rasha tana tare da Ingila a yaƙin, Ostiriya kuwa abokiyar gaba ce. Saboda haka gwamnatin Kanada ta tsare dubban ƴan Yukren na ɓangaren Ostiriya a sansanoni, ta sa su aikin dole, alhali Konowal, mai harshe ɗaya da su, aka ba shi kaki da bindiga. Abin da ya raba su iyakar ƙasa ce kawai, wadda babu ɗayansu da ya shata.

A 1916 aka kai shi Turai, aka sa shi a bataliya ta 47. A watan Agusta na 1917 rundunar Kanada, a ƙarƙashin Janar Arthur Currie, ta kai hari a wani wuri da ake kira Tudu na 70, kusa da garin Lens a arewacin Faransa, garin masu haƙar gawayi wanda igwa ta riga ta rushe. Jamusawa suna ɓoye a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ramummukan da bam ya haƙa. Aikin Kofur Konowal da mutanensa shi ne su bi ramummukan nan ɗaya ɗaya su share su. Takardar lambar yabonsa ta lissafta abin da ya yi: a wani ɗakin ƙasa ya soke mutum uku da wuƙar bindiga, a wani rami ya afka wa mutum bakwai shi kaɗai ya kashe su duka, ya kuma ci wuraren bindiga mai ruwa guda biyu. Cikin kwana biyu ya kashe aƙalla mutum 16 da hannunsa, bai tsaya ba sai da aka yi masa mummunan rauni a fuska da wuya.

Mai karatu ya ɗan tsaya a kan wannan. Mai harba igwa ba ya ganin wanda ya kashe. Wanda ya shiga rami da wuƙa yana ganin idon mutum, yana jin numfashinsa da kukansa. Takardar yabo ta rubuta adadin waɗanda suka mutu, ba ta ce kome a kan abin da ya bi kofur ɗin ya fito daga ramin ba. Daga baya a wannan shekara Sarki George na Biyar ya maƙala masa lambar da hannunsa. Bayan haka ma ba a bar shi ya huta ba, aka aike shi Sibiriya tare da rundunar Kanada, domin yana jin Rashanci. Sai tsakiyar 1919 ya dawo.

A zamanin nan likitoci suna ta fama da wani ciwo da suka sa wa suna firgitar igwa. Wani likitan Ingila, Charles Myers, shi ne ya fara buga sunan a wata mujallar likitoci a 1915. Sojoji ƙarfafa sukan kama makyarkyata, waɗansu bakinsu ya rufe, waɗansu su kasa barci, ƙofa ta buga su faɗi ƙasa. Da farko an zaci ƙarar harsashin igwa ce ke girgiza ƙwaƙwalwa, daga baya aka ga har wanda bam bai fashe kusa da shi ba yakan kamu. Rundunar Ingila ta ƙidaya masu ciwon wajen 80,000 kafin ƙarshen yaƙin. Manyan hafsoshi da yawa sun ɗauke shi ragwanci ne kawai. An harbe sojoji 306 na Ingila da ƙasashenta saboda laifuffuka irin su gudu da tsoro, ba a yafe musu ba sai a 2006. Konowal dai ba wanda zai ce masa rago. Ciwonsa ya ɓuya a bayan lambarsa, shi ya sa ba wanda ya neme shi.

To, ranar 20 ga Yuli, 1919, ya raka wani abokinsa suka haye kogi zuwa garin Hull. A can rigima ta tashi tsakanin abokin da wani mutum. Konowal ya shiga domin ya ceci abokinsa, ya soki mutumin da wuƙa, ya mutu nan take. Bai gudu ba, ya tsaya har ƴan sanda suka zo. Ba daidai ba ne a manta da wanda aka kashe, gama shi ma baƙo ne da ya zo neman abinci, jininsa kuma bai fi na kowa araha ba. Amma hannun da ya soke shi hannu ne da rundunoni biyu suka horar ya yi haka ba tare da tunani ba, aka kuma yaba masa a gaban sarki.

Tsofaffin sojoji ne suka tsaya masa. Suka tara kuɗi suka yi belinsa. Da aka yi shari'a a 1921, likitoci suka shaida cewa raunin yaƙi ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, kotu ta yanke cewa ba ya cikin hankalinsa sa'ad da ya aikata. Aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Saint-Jean-de-Dieu a Montreal, wanda ƴan sista na Katolika suke riƙe da shi. Ya yi wajen shekara bakwai a can. A 1928 aka sallame shi, ba sana'a, ba dangi, ga kuma matsin tattalin arziki da ya faɗa wa duniya shekara ɗaya bayan haka. A gida kuwa, matarsa ta mutu cikin babbar yunwar da mulkin Stalin ya jawo wa Yukren a 1932 da 1933, labarin ƴarsa kuma ya yanke masa.

Wani tsohon soja mai irin lambarsa, Milton Gregg, wanda ya zama shugaban dogarawan majalisar dokokin Kanada, ya samo masa aikin shara a majalisar. Wata rana Firayim Minista Mackenzie King ya ga mai wanke daɓe da ƙyallen Gicciyen Biktoriya a ƙirjinsa, ya sa aka mai da shi mai kula da ɗaki na 16, ofishin Firayim Minista, ya riƙe aikin har ƙarshen ransa. Waɗansu sukan ba da labarin nan kamar abin kunya ne ga jarumi ya riƙe tsintsiya. Shi kansa ya mai da abin wasa, ya ce a fagen yaƙi da bindiga ya yi shara, a nan kuwa da tsumma yake yi. Mai yiwuwa aikin ya fi masa amfani da lambar, gama yana da wurin zuwa kowace safiya da mutanen da suka san sunansa. Ya sake aure, ya auri wata gwauruwa mai jin Faransanci, ya riƙe ƴaƴanta.

A 1956 aka gayyaci dukan masu lambar zuwa Landan domin cikarta shekara 100. Konowal ba shi da isasshen kuɗin tafiya, sai tsofaffin sojoji ƴan asalin Yukren suka taimaka masa ya je. Ya rasu a Hull ranar 3 ga Yuni, 1959, aka binne shi a makabartar Notre Dame a Ottawa. Lambarsa da aka ajiye a gidan tarihin yaƙi na Kanada ta ɓace shekaru da yawa, sai a 2004 aka gan ta za a yi gwanjonta, ƴan sanda suka karɓe ta aka mayar da ita wurinta.